Yadda Ake Haɗa Tafiyar Kasuwanci da Hutun Iyali Ba Tare da Ɗaya Ya Cinye Ɗaya Ba

Duk wanda ya zauna a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba, ya san yadda asubahin ranar tafiyar maigida take kasancewa. Tun kafin a kira assalatu an fito da jaka, uwargida ta ɗaure guzuri, yara kuma sun tashi da magagin barci sun tsaya a bakin ƙofa suna cewa, "Baba, Allah ya kiyaye hanya, a sayo mana tsaraba." Maigidan zai nufi Kano sarin shadda da atamfa, ko Ibadan ganin abokin ciniki, ko Abuja taron ofis, ko Kwatano duba kaya, ya yi kwana huɗu ko mako guda ya dawo a gajiye. Yana iya yin irin wannan tafiya sau goma a shekara, amma abin da iyalinsa suka sani game da garuruwan bai wuce kilishi da alkaki da ɗan labarin da yake ba su bayan cin abincin dare ba. Akwai yaran da aka haifa a nan Legas, sun kai shekara goma sha biyu ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba, alhali mahaifinsu yana ratsa ƙofofinta kusan kowane wata.

Fatauci ne ya kawo kakanninmu nan, musamman cinikin goro da na dabbobi, zirga-zirgar kuma ta ƙaru bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Saboda haka tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mu ware kwanaki a cikinta domin iyali su huta, su ga gari, su zauna da mahaifinsu ba ya kallon agogo. Mai tafiyar aiki ya riga ya biya kuɗin motarsa ko jirginsa, ya san gari, ya san masauki, yana da mutane a can, don haka ƙara iyali a kan tafiyar ya fi sauƙi a kan shirya wata tafiya ta daban tun daga tushe. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda duk sauran bayanin nan ya rataya a kansa: a haɗa aiki da hutu a cikin tafiya ɗaya, amma kada a haɗa su a cikin yini ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kafin komai, sai a dubi tafiyar kanta, domin ba kowace ce take karɓar iyali ba. Tafiyar karɓo bashi ba ta hutu ba ce, tunda mutum bai san da wace fuska za a tarbe shi ba, bai kuma san da wace zuciya zai koma masauki ba. Haka tafiyar rakiyar kaya a babbar mota, da ta fito da kwantena wadda takardar kwastan guda ɗaya take iya riƙe mutum kwana uku, da tafiyar da ake ɗauke da kuɗi masu yawa, da ta zuwa garin da ba a taɓa zuwa ba. Wadda ta dace ita ce wadda aka san ranar farawarta da ranar ƙarewarta: taron ƙara wa juna sani, baje koli, ziyarar kamfanin da ake sari a wurinsa bisa alkawarin rana, ko sarin da aka riga aka yi cinikinsa ta waya, saura dubawa da biya da lodi. Idan mutum ba zai iya cewa "ranar Laraba da la'asar na gama" da tabbaci ba, to ya tafi shi kaɗai, ya jira wata tafiyar.

Na koyi wannan ne da ɓacin ran iyalina. Wata shekara a lokacin dogon hutu na kwashe su muka tafi Kano, da nufin in riƙa shiga Kantin Kwari da safe, in dawo bayan azahar mu fita ganin gari. Ranar farko kayan da na zo domin su ba su fito daga sito ba sai bayan la'asar. Rana ta biyu dillalin ya ce in jira maigidansa ya dawo daga jana'iza. Rana ta uku aka yi ta fama da 'yan dako da lodi har bayan isha'i. Duk kwanakin nan uwargida da yara uku suna ɗaki ɗaya a masauki, sun yi wanka sun sa sababbin kaya tun hantsi, suna jiran ƙarar buɗe ƙofa. Da na shigo a daren na uku, na tarar ƙaramin ya yi barci da takalmansa a ƙafa, babbar 'yata kuma ta gaishe ni, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da ma a gida ka bar mu, can ko ba komai muna da ƙawaye." Maganar ta daɗe tana yi mini ciwo, kuma gaskiya ta faɗa. Na kashe kuɗin jirgi da na masauki, na kuma shiga kasuwa hankalina a rabe, har na amince da farashin da ba zan amince da shi ba da ina cikin natsuwa, don kawai in samu in tafi.

Tun daga nan na koma raba kwanaki gida biyu, kuma aiki nake sa wa a gaba. Dalili shi ne, wanda bai gama abin da ya kawo shi ba ba ya jin daɗin yawo, ko da yana tsaye a gidan zu jikinsa ne kawai a wurin. Hanya mafi kyau, idan hali ya yi, ita ce maigida ya riga iyali tafiya, ya yi kwanakinsa na aiki shi kaɗai, su kuma su taso ranar da ya gama, ya je ya tarbe su a filin jirgi ko tasha. Wannan yana rage kuɗin masauki, yana kuma hana zaman jira. Idan babu babban ɗa ko ɗan'uwan da zai rako su, kuma dole a tafi tare, to a faɗa musu gaskiya tun a gida cewa kwana biyun farko ba na su ba ne, sannan a shirya musu abin yi: a sauke su a gidan dangi, ko a haɗa uwargida da 'yar'uwarta su shiga kasuwa, ko a samu amintaccen direba ya kai su ziyara. A kuma bar yini ɗaya a tsakani wanda ba a ɗora masa komai ba, domin aiki ya saba zarce ranarsa. Idan bai zarce ba, yinin ya zama ribar yara.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne amana take shigowa. Ma'aikacin da ofis ko kamfani ya tura, ya sanar da shugabansa a rubuce cewa yana son ƙara kwanaki a kan tafiyar, kuma iyalinsa za su same shi, tun kafin a yanki tikiti. Kwanakin da ya ƙara su fito daga hutunsa na shekara. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun aƙalla kwanakin aiki shida tare da albashi, wurare da yawa kuma suna ba da fiye da haka, don haka babu dalilin satar kwana. Alawus ɗin kwana na ranakun aiki ne kaɗai. Idan ɗage ranar dawowa ta sa kuɗin tikiti ya ƙaru, shi zai cika bambancin daga aljihunsa. Idan ya karɓi babban ɗaki saboda iyali, ya biya abin da ya hau kan kuɗin ɗakin da aka amince masa. Ya roƙi masu otal su raba masa rasit biyu, ɗaya na kwanakin aiki, ɗaya na kwanakinsa, kada abincin yara ya shiga takardar da zai miƙa wa akanta. Motar ofis da direbanta ma ba na kai iyali yawo ba ne sai da izini bayyananne. Na san wasu suna ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne da kowa yake kau da kai a kansu, amma ni ina ganin bai dace mutum ya ciyar da 'ya'yansa da kuɗin da ba zai iya bayaninsa a gaban wanda ya ba shi amana ba, kuma ranar da aka zo bincike rasit ɗaya yana iya zubar da mutuncin shekara ashirin.

Ɗan kasuwa mai zaman kansa ba shi da akantan da zai tuhume shi, shi ya sa nasa haɗarin ya fi girma. Kuɗin sari jari ne, ba kuɗin kashewa ba. Idan suna aljihu ɗaya da kuɗin hutu, za a riƙa zara kaɗan-kaɗan, yau kuɗin tasi, gobe ɗinkin yara, jibi alherin wata gwaggo, sai an zo biyan kaya a ga uwar kuɗi ta yi rauni. Abin da nake yi shi ne in tara kuɗin hutu daban tun watanni kafin tafiya, ko ta adashi ko a wani asusu na banki, in kuma damƙa wa uwargida riƙonsa, tunda ta fi ni sanin abin da yara za su ci da abin da za su iya haƙura da shi. A lissafa kuɗin hanya, da masauki, da abinci, da zirga-zirgar cikin gari, da kuɗin shiga wurare, sannan a ɗora kamar kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da ba a zata ba. Kada a manta cewa tsarabar mai zuwa Arewa da iyali biyu ce: akwai wadda za a kai wa dangi, akwai wadda za a dawo da ita wa maƙwabta da malaman Islamiyyar yara. A riƙe ɗan tsabar kuɗi a hannu, domin tura kuɗi ta waya yakan ƙi tafiya a daidai lokacin da ake tsaye gaban mai abinci.

Lokacin tafiya kuwa makarantar yara ce take yanke shi. Dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sai gajeren hutu a Disamba da wani a wajen Afrilu. Ba na goyon bayan cire yaro daga aji saboda tafiyar mahaifinsa, balle a zangon jarrabawa. Gara a nemi abokin ciniki ya matsar da ranar haɗuwa zuwa makon hutu, kuma mafi yawansu suna yarda idan an nema da wuri. Kowane hutu da halinsa. A Agusta damina ta kankama a Arewa, gari ya yi kore, zafi ya sauka, amma sauro ya yi yawa, don haka gidan sauro yana cikin kayan tafiya. A Disamba da Janairu hazon hunturu yakan jinkirta tashin jirage ko ya sa a soke su a filayen Arewa, yaran da suka saba da ɗumin Legas kuma suna bukatar rigunan sanyi da man shafawa, kuɗin tikiti ma yakan yi tsada saboda masu tafiya bikin ƙarshen shekara. Afrilu kuwa tsakiyar bazara ce, zafin Kano da Sakkwato a lokacin yana wahalar da jariri. Mai son yara su ga hawan salla ya tabbatar za a yi shi kafin ya sayi tikiti, domin a wasu shekarun hukuma takan dakatar da hawan.

Wanda za a tafi da shi ma abin shawara ne, ba abin da maigida zai yanke shi kaɗai ya sanar da dare ba. Uwargida ce za ta ɗauki nauyin yara a hanya, ita ta san wanda mota take sa wa amai da wanda ba ya barci a baƙon wuri, saboda haka a zauna da ita tun ana saura wata guda. Mai mata fiye da ɗaya yana da kyakkyawan abin koyi, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, wadda ta faɗo a kanta ita yake tafiya da ita. Ko a yi ƙuri'a, ko a tsara juyi da kowa ta amince da shi, muddin ba a bar abin ga son zuciya ba. Tafiyar da za ta bar gida da gaba ba hutu ba ce.

Ga wanda bai taɓa gwadawa ba, shawarata ita ce ya fara da kusa. Jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan, wanda ya fara jigila sosai a 2021, ya sauƙaƙa wannan ƙwarai. Yana tashi daga tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta, yana tsayawa a Agege, ya bi ta Abeokuta, ya ƙare a Moniya, tafiyar kimanin awa biyu da rabi. Akwai sanyaya iska, akwai banɗaki, yaro yana iya miƙewa ya leƙa taga, kuma babu fargabar gosulon Berger. Mai harka a kasuwar Bodija ko a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da aka kafa tun 1916, yana iya tafiya ranar Alhamis ya gama aikinsa, iyali su biyo jirgin Juma'a ko na safiyar Asabar. A tuna cewa tashar Moniya tana bayan gari, don haka a shirya motar da za ta ɗauke su tun kafin su sauka. Yini ɗaya ya isa a kai yara gidan zu na Jami'ar Ibadan da lambun Agodi, a ci abinci a Sabo, a kwana, a dawo Lahadi. Abeokuta ta fi kusa ma. Mai sarin adire, wato rinannen yadin Yarabawa, a kasuwar Itoku yana gama ciniki, dutsen Olumo yana nan kusa da kasuwar, sai a hau da yara a hango garin gaba ɗaya. Irin wannan gajeriyar tafiya ce take nuna wa mutum halin iyalinsa a hanya kafin ya ɗauke su zuwa nesa.

Tafiyar Kano ita ce babba a wurin yawancinmu. Jirgin sama daga filin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa filin Malam Aminu Kano kimanin awa ɗaya da rabi ne. Jaririn da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, ana biyan kuɗi kaɗan, wanda ya haura haka kuwa sai an saya masa kujera. A sayi tikiti da wuri, a zaɓi jirgin safe, domin jinkiri yakan taru ne a kan jiragen yamma. Ta mota kuwa tafiyar ta kai kilomita dubu, ta wuni ce har da dare. Idan ita hali ya bayar, kada a yi tafiyar dare da iyali, a raba hanyar biyu a kwana a wani gari, a kuma tambayi direbobin da suke bin hanyar a makon game da halin tsaro, domin labarin watan jiya ba ya amfani.

A can kuma sai an yi hattara da wani abu mai daɗi wanda yake cinye hutu, wato gaishe-gaishe. Zumunta a ƙafa take, kuma babban amfanin tafiyar shi ne yara su durƙusa gaban kakanninsu, su ji Hausar da ba ta gauraya da Yarabanci da Turancin buroka ba, su san 'yan'uwansu da fuska. Amma idan ba a tsara ba, za a ƙare kwanakin duka daga wannan zaure zuwa wancan, ana ta'aziyyar rasuwar bara da barkar haihuwar bana, yara suna zaune a tabarma sun ƙosa. A ware wa dangi kwanakinsu, a fara da manya bisa girmansu don kada wani ya ce an raina shi, sannan a ware yini ɗaya ko biyu na yara zalla. A hau Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, a nuna musu birnin daga sama. A kai su Gidan Makama su ga kayan tarihi, a shiga kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a tsaya a karofin Ƙofar Mata su ga yadda marini yake tsoma farin ƙyalle a baba, ya ɗago shi iska ta buge shi, ya sake tsomawa, har ya koma shuɗi a gaban idonsu. Ɗana ya tsaya a bakin ramin nan ya fi rabin awa bai ce uffan ba, da muka dawo kuma shi ne labarin da ya yi ta ba abokansa. Game da masauki, sauka a gidan dangi yana rage kashe kuɗi yana kuma faranta ran tsofaffi, amma baƙo raɓa ne, kuma mutum biyar nauyi ne a kan gidan da yake auna abincinsa. A shiga da buhun shinkafa ko kuɗin cefane, kada a wuce kwanakin da aka faɗa.

Masu tsallaka iyaka zuwa Kwatano, ko Lome, ko Akara, aikinsu na takardu ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba har kwana 90, amma kowane mutum, har jariri, sai da fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS, wanda ya kai wata tara kuma sai da katin rigakafin cutar shawara. A fara neman fasfon yara watanni kafin tafiya, a kuma riƙe takardun haihuwarsu. Idan uwa ce za ta biyo baya da yara ita kaɗai, ta riƙe takardar amincewar mahaifinsu. A ƙetare iyakar Seme da rana, a canji sefa ko sidi wurin mutumin da aka sani. Sauƙin waɗannan garuruwa shi ne akwai zango a kowannensu, inda za a ji Hausa, a samu masallaci da abincin da aka saba, kamar unguwar Zongo a Kwatano da Nima a Akara. Tafiyar ƙasar Sin kuwa, irin ta baje kolin Guangzhou da ake yi sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba, ba na ba da shawarar a kai yara. Bizar kasuwanci ta maigida ba ta ɗaukar iyali, kowa sai da tasa, yinin kuma gaba ɗaya a tsaye ake yin sa tsakanin rumfuna da masana'antu.

'Yan'uwanmu da suke zuwa Legas sari daga Arewa su ma suna iya yin haka, kuma abu ɗaya nake fara gaya musu: a sauka kusa da wurin aiki, domin a garin nan ba a auna nisa da kilomita, da awa ake auna shi. Mai harka a Computer Village ya sauka a Ikeja ko Agege, mai zuwa Alaba ya nemi masauki a ɓangaren Ojo, mai shiga Balogun da Idumota, ko baje kolin da ake yi a dandalin Tafawa Balewa a watan Nuwamba, ya nemi wajen Obalende ko Yaba. Wanda ya sauka a wancan ƙetare, aikinsa yana wannan ƙetare, zai ƙarar da yininsa a kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. An hana acaɓa a manyan unguwanni da dama tun 2022, don haka kada a dogara da shi. Yawon iyali a bar shi sai Asabar da Lahadi, lokacin da hanya take ɗan sakewa. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan akwai motar da aka kashe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashi a jikinta, kuma yaron da ya gan ta ba ya manta darasin. A Lekki akwai gandun daji mai gadar sama mai tsawon mita 401, sai dai akwai ƙa'idar shekaru wajen hawanta, birai kuma suna fizge abincin da aka riƙe a hannu. Jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara aiki a 2023, shi kansa abin kallo ne ga yara, da katin biyan kuɗin sufuri na Cowry ake shigarsa. Wanda zai kai su bakin teku ya riƙe hannunsu da kyau, su tsaya a kan yashi, domin igiyar ruwan nan tana da ƙarfin da take janye babba ma.

Akwai ƙananan abubuwa da suke gyara tafiya ko su ɓata ta. A tanadi maganin zazzaɓi, da gishirin haɗa ruwan gudawa, da maganin duk wanda yake shan magani kullum, a sa su a jakar hannu. A sha ruwan roba, a yi hankali da abincin bakin tasha. Kowane yaro ya haddace lambar wayar mahaifinsa ko a rubuta masa a takarda a sa a aljihu. A tambayi masauki tun ta waya ko suna da wuta da dare da ruwa, da nisansu da masallaci. Matafiyi yana da rangwamen yin kasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari sai ya cika sallarsa, don haka wanda ya ƙara kwanakin hutu a kan na aiki ya sake lissafi, ya kuma koya wa yara hukuncin a aikace.

Waya ita ce ƙofar da aiki yake bi ya dawo cikin kwanakin iyali. Kafin a tashi, a damƙa shago ga yaron da aka yarda da shi, a gaya masa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, da wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, don kada ya riƙa kira a kan kowane yadi. A sanar da manyan abokan ciniki ranar dawowa. A tsayar da lokaci ɗaya, kamar bayan sallar asuba ko bayan isha'i, na duba saƙonni da jin lissafin ciniki, sauran yinin kuma wayar ta zauna a aljihu. Kayan da aka saro a ba masu dakon kaya su taho da su da takardar shaida, kada a cusa diloli a motar da yara suke ciki.

Ranar dawowa daga doguwar tafiya a sa ta ta zama Asabar, ba daren Lahadi ba. Jirgi yana iya makara, hanyar Ikeja zuwa Agege tana iya cushewa, kuma ana bukatar yini guda na wankin kayan makaranta, da rabon tsaraba, da barcin gajiya. A shirya wanda zai zo ɗauka tun kafin a taso. Ranar Litinin ma'aikaci ya miƙa rasit ɗinsa da rahoton tafiya, ya mayar da abin da ya rage na kuɗin ofis, ɗan kasuwa kuma ya karɓi lissafin shago, ya ƙirga kayan da suka iso, sannan ya zauna da uwargida su duba abin da aka kashe a kan abin da aka tanada, su rubuta shi a littafi, domin da wannan lissafin za a san nawa za a riƙa zubawa a adashin tafiya ta gaba.